Littafin filinmu na harba rokar ruwa a hanyar Dass

Asabar, 4 ga Oktoba, 2025

Yau muka zauna a zauren gidanmu da ke Yelwa a garin Bauchi, mu goma sha huɗu: ni, da abokina malamin lissafi, da yara goma sha biyu, biyu daga cikinsu mata. Da gangan na zaɓi ranar. Ran 4 ga Oktoban 1957 ne Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik, tauraron ɗan'adam na farko, shi ya sa ake makon sararin samaniya na duniya daga 4 zuwa 10 ga wannan wata. Yaran nan sun fi shekara suna cilla gorar lemo sama a lunguna, kowa da salonsa, wani da toshiya, wani da bawul ɗin keke, ƙannensu na tsaye a kansu. Abin da ba su da shi fili ne da tsari, kuma saboda filin na buɗe wannan littafi.

Mun tsayar da magana ɗaya tun yau: ruwa da iska kawai. Ba wuta, ba hoda, ba wani haɗi da ake ƙonawa. Gora, ruwa kashi ɗaya cikin uku, sai iskar famfo. Iskar da aka matse ta tunkuɗo ruwan ƙasa, ruwan ya tunkuɗa gorar sama, dokar Newton ta uku ke nan da suke haddacewa don jarrabawa. Kowane yaro zai riƙa ba da naira 500 a mako. Ni da malamin lissafi mun zuba 10,000 kowannenmu don a fara.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Neman fili a kan mashin. Mun fara da hanyar Ningi, wajen Gubi, inda sarari ke shimfiɗe kamar tabarma. Ya kwanta mini a rai, amma muka bar shi, domin ta wannan ɓangaren filin jirgin sama na Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa yake, a Durum. Gorarmu ba za ta kai inda jirgi ke bi ba, amma ko da wasa ba na son a ambaci sunanmu tare da filin jirgi. Wani filin ƙwallo a cikin gari ya yi ƙanƙanta, ga wayoyin lantarki sun ratsa gefensa. Da la'asar muka bi hanyar Dass, muka wuce Gwallameji, muka yi ta tafiya har gidaje suka ragu. Can muka ga wata gonar gyaɗa da wake. Na auna da taku: kusan 200 a tsawo, 150 a faɗi. Ba waya, ba titi kusa, bishiya ɗaya tak, wata ɗorawa a kusurwar yamma. Amfani bai tashi ba tukuna, sai an jira.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Mai gonar dattijo ne. Ya saurare ni har na kai aya, sannan ya ce, "Ɗana, ni ba ni da ta cewa sai abin da mai unguwa ya ce." Muka sayi goro na 3,000 muka tafi tare.

Kuskurena shi ne da kalmar na fara. Bayan gaisuwa na ce, "Ranka ya daɗe, izini muke nema mu riƙa harba roka a gonar Baba." Zauren ya yi tsit. Wani da ke gefe yana jan carbi ya tsaya da ja. Mai unguwa ya dube ni ya ce, "Malam, roka fa ka ce?" Sai a lokacin na ji kalmar da kunnensu. A wurina roka darasi ce. A wurin mutumin da ke tuna bama-baman da suka tashi a kasuwar Bauchi da tashar Dukku ta Gombe a Disambar 2014, ko yake da ɗa a bakin daga, roka makami ce. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya ja da baya, kuma ba a ganin laifinsa.

Allah ya taimake ni akwai gora a jakata. Na fito da ita na miƙa masa, ya juya ta, ya shinshina, ya matsa fikafikan kwali. Na roƙi a kawo ruwa a buta, na zuba a gabansu, muka fita ƙofar gida, na sa mata iska kaɗan da famfon keken wani yaro. Ta tashi kamar tsawon rufin ɗaki biyu, ta watsa wa ƙafafuna ruwa, ta faɗo a kan yashi. Dattawan suka yi dariya, fuskoki suka saki.

Ya yarda, da sharuɗɗa huɗu. Kada mu shiga gonar sai an kwashe komai har harawa. Ban da Juma'a, ban da ranar kasuwa. Mu kai takarda ga 'yan sanda, ya gani da idonsa. Mu kuma je mu gai da ardo, domin da an kwashe amfani shanu za su shigo kiwo. Na huɗun nan ban taɓa tunaninsa ba sam. Da za mu tashi ya ƙara da cewa, "In kana magana da mutanena, ka ce gora. Ka bar roka a makaranta."

Laraba, 29 ga Oktoba

Takarda ta shiga ofishin 'yan sandan yankin, na haɗa da gora ɗaya da zanen abin harbawa. Jami'in ya tambaya ko akwai jirgi marar matuƙi ko kyamara a ciki, na ce, "Yallaɓai, babu, kuma ba za a yi ba." Ya buga hatimi a kwafina, ya ce a riƙa sanar da su kwana ɗaya kafin kowace fita. Na kai wa mai unguwa ya gani. Ardo sai mako mai zuwa, ba ya nan.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Sayayya a Wunti da Muda Lawal. Famfo mai geji 18,000. Tiyo mita 12, 9,600. Bututun roba, gam, kebul tai (siraran maɗauran roba), da bawul ɗin tayar mota daga wurin mai faci, 7,500. Jimla 35,100.

Abin harbawar mai sauƙi ne. Bututun rabin inci yana shiga bakin gorar lemo daidai kamar don shi aka yi ta. Mun ɗumama wani wuri a jikinsa muka matsa ya ɗan kumbura, nan bakin gora ke zama ya toshe iska. Kebul tai takwas, an jera su kewaye da bututun, kawunansu sun kama ƙaramin leɓen da ke wuyan gora. Wani guntun bututu mai faɗi yana lulluɓe su kamar zobe don kada su buɗe. Aka ja igiya zoben ya sauka, kawunan su saki, gora ta tafi. Tsawon tiyon shi ne muhimmi: mai famfo yana can nesa, ba ya sunkuye a kan gora.

Asabar, 15 ga Nuwamba

Gwajin gorori a bayan gida. Ana cika gora da ruwa fal har baki kafin a matsa mata iska, domin ruwa ba ya matsuwa, in ta fashe ba ta da ƙarfin watsa tarkace. Gorar da iska ce zalla a cikinta, in ta fashe ƙararta kaɗai ta isa ta taɓa kunne. Mun sa kowacce a cikin duro, mu muna bayan katanga. Gejin namu da psi yake ƙirga, irin na masu faci, wanda tayar ƙaramar mota ke shan 30 da ɗoriya.

Gorar ruwan sha ba ta kai 50 ba ta tsage, an haramta ta. Gorar lemo mai gas ta lita 1, guda tara cikin goma sun riƙe 100 na minti guda. Wadda ta fashe tana da ƙarzuwa a ciki, da alama an ja ta a kan siminti. Mun tsayar da 60 a matsayin iskar aiki, iyaka 70, duk gorar da ta ci gwaji a rubuta mata lamba da kwanan wata a gindi. Wadda ta sha rana ta yi fari-fari, ko ta lotsa, shara.

Asabar, 22 ga Nuwamba

An kwashe harawa. Igiya da guntayen rodi na turaku 6,000, usur da ƙyallen tuta 2,500, tabarau na kare ido guda huɗu 6,000. Mun gai da ardo, ya ce safiyar Asabar zai sa yaransa su bi ta gabas da garke.

Asabar, 29 ga Nuwamba

Fita ta farko. Zan rubuta ta dalla-dalla don kada mu manta.

Mun isa ƙarfe takwas. Kafin mu gama sauke kaya daga Keke Napep yaran ƙauyen sun fi talatin, kafin tara sun fi haka nesa ba kusa ba, har da masu tallar gyaɗa da rake. Igiyarmu mun kewaya ta taku goma kawai daga abin harbawa. Gora huɗu suka tashi lafiya, ihu ya cika gonar, kuma da kowace tashi igiyar sai ta ƙara matsowa, don masu kallo suna tura ta da ciki ba su ma sani ba. Ni ina famfo, ina ƙirga, ina duba gorar wani, ina kuma amsa tambayar wani dattijo. Malamin lissafi na ɗaukar bidiyo. Babu mutum ɗaya a cikinmu da idonsa ke kan filin gaba ɗaya.

A ta biyar, zoben ya ɗan cije. Yaron da ke riƙe da igiya ya fizga da ƙarfi. Abin harbawar a kan katako kawai yake, mun danne shi da duwatsu biyu, ba mu kafe shi ba. Ya karkato wajen mai ja, a daidai lokacin kebul tai suka saki. Gorar ta taho a kwance, tsayin ƙirjin yaro, ta wuce tsakanin mai igiyar da wani, ta daki farantin wata yarinya mai tallar gyaɗa. Farantin ya yi sama, gyaɗa ta watse, yarinyar ta zauna daɓas tana kuka. Ba ta ji ciwo ba, na duba hannunta da fuskarta sau biyu. Tsakanin farantin da idonta bai fi tsawon tafin hannu ba. Hancin gorar kuwa, da na ɗauka na buɗe, dutse ne a ciki. Mai ita ya sa shi don nauyi, ba wanda ya duba.

Nan take na tsayar da komai. Muka raka yarinyar gida, na gai da mahaifiyarta daga ƙofar zaure na ba da haƙuri, na biya 2,000 kuɗin gyaɗa. Daga nan na wuce wurin mai unguwa na faɗa masa da bakina kafin labari ya riga ni. Ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ce, "Da ka ɓoye, da yau ce ta ƙarshe. Je ka gyara."

Daren nan ban yi barcin kirki ba. Faranti nake ta gani.

Talata, 2 ga Disamba

Zama na musamman bayan la'asar. Na zo da ƙa'idojin ƙungiyar masu sha'awar roka ta Amurka, NAR, wadda aka kafa a 1957. Don roka mai wuta aka rubuta su, amma mafi yawansu sun hau kanmu: kada sandar harbawa ta karkata fiye da digiri 30 daga tsaye, kada a harba in iska ta wuce kilomita 32 a awa, a ƙirga da ƙarfi kowa ya ji, in roka ta ƙi tashi a jira daƙiƙa 60 kafin wani ya matsa. Abin da ya fi amfanar mu shi ne yadda kulob-kulob ɗinsu ke raba aiki. Akwai mutum guda da tsaron fili ne kaɗai aikinsa, maganarsa ce ta ƙarshe.

Mun raɗa masa suna sarkin fili. Yana sa jar hula, usur na wuyansa. Ba ya famfo, ba ya riƙe waya, ba ya harba tasa gorar a ranar. In ya busa, kowa ya tsaya inda yake, har ni. Akwai mai ƙirga, shi ke ba mai igiya umarni. Akwai mai duba, ba gorar da za ta tsallaka igiya sai ta bi ta hannunsa. Akwai biyu masu kula da 'yan kallo. Babbar cikin 'yan matan ta ce ita ce mai duba, kuma ba wanda ya ja da ita, domin ita kaɗai ta taɓa mayar wa wani gora ta ce fikafikinsa a karkace yake.

Dubawar kashi uku ce. Lambar gwaji a gindi. Hanci mai taushi: rabin ƙwallon tenis ko soson katifa, in ana son nauyi a cusa laka a ciki, ban da dutse, ƙusa ko ƙarfe. Sai gwajin lilo: a ɗaura zare a inda gorar ke daidaita a kan yatsa, a juya ta a sama kamar majajjawa. In hancinta ya bi gaba, ta ci. In ta riƙa wuntsilawa, nauyinta ya yi baya da yawa, a ƙara laka a hanci ko a faɗaɗa fikafikai.

Abin harbawa kuma za a kafe shi da rodi huɗu, igiyar ja ta bi ta wani zobe a gindinsa, yadda duk ƙarfin da aka ja ƙasa zai yi. Mai famfo da mai igiya mita 10, 'yan kallo mita 30, igiyarsu a ɗaure jikin turaku.

Asabar, 13 ga Disamba

Fita ta biyu. Lafiya ƙalau, amma da nawa: gora tara cikin awa biyu. Na riƙe agogo don in ga inda lokaci ke tafiya. Yaro sai an kira shi sannan zai fara neman ruwa. Bayan kowace tashi kowa ya ruga ɗauko gora, sai an sake korar mutane an rufe fili. Wanda ya gaji da jira kuwa shi ne ke fara tsallaka igiya, don haka jinkirin ma matsalar tsaro ce.

Mun koyi wani abu game da inda mutane za su tsaya. Na ajiye su ta inda iska ke fitowa, arewa maso gabas, ina ganin za ta kore gorar daga kansu. Ashe gora mai fikafikai masu kyau juya hancinta take ta fuskanci iska yayin hawa, sai ga ta tana lanƙwasowa ta kanmu. Wadda laimarta ta leda, mai rage mata gudun faɗowa, ta buɗe ita ce ke bin iska ta yi kudu maso yamma. Ke nan gaba da baya duk ba wurin tsayawa ba ne, sai gefe. Mun koma kudu maso gabas, kuma muka ci riba biyu: rana da safe tana bayanmu, ba mai kallon sama yana runtse ido.

Malamin lissafi ya fara awon tsayi. Ma'aunin kusurwa na cikin akwatin lissafi, tsinken shan lemo a manne a gefensa, zare da noti na reto. Yaro ya tsaya mita 50 daga abin harbawa, ya bi gorar ta cikin tsinken, inda ta tsaya ya danne zaren. Mafi kyau yau digiri 35. A lissafin kusurwa, tan ɗin digiri 35 kusan 0.7 ne, sau 50, mita 35, a ƙara tsayin idon mai awo. Yaron da ya sha faɗuwa a wannan babi shi ya riga kowa fitar da amsa a bayan kwali.

Asabar, 20 ga Disamba

Mun je, ba mu harba ba. Hunturu ya sauko da hazo, ɗorawar da ke kusurwa da kyar ake ganinta, ƙyallen tutar ya miƙe sak yana kaɗawa. Iskar ba ta kai iyakar da Amurkawa suka sa ba, amma gorar da ta zubar da ruwanta ba ta da nauyin komai. Sarkin fili na yau, ɗan aji biyar, ya zo ya ce, "Malam, ni ban yarda ba." Yara suka yi ta magiya, wasu sun taho da ƙafa daga nesa. Na ce sarki ya yi magana. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Kuɗin Keke 4,000 ya tafi a banza, amma sun ga cewa jar hular ba ado ba ce. Sabuwar ƙa'ida: in ƙyalle ya miƙe, ko ba a ganin ɗorawa, babu tashi. Za mu kuma riƙa farawa ƙarfe bakwai, don na lura iskar ba ta tashi sosai sai hantsi ya yi.

Lahadi, 28 ga Disamba

Ɗaya daga cikin manyan yaran, mafi hazaƙa a cikinsu, ya same ni bayan magariba da bidiyo a waya. Wasu ne a ƙasar waje ke dafa makamashin roka a tukunya. Ya ce, "Malam, ruwan nan wasan yara ne. Kayan haɗin duk ana samu a kasuwa." Ya riga ya yanka bututu.

Ban yi masa tsawa ba, don in na yi zai je ya yi a ɓoye. Na ba shi labarin yadda wannan sha'awa ta fara. Bayan Sputnik samarin Amurka sun rinƙa cusa haɗe-haɗe a bututun ƙarfe, da yawa suka rasa yatsu da idanu, wasu suka rasa rai. Wani mai sayar da takalma a jihar Nebraska, Orville Carlisle, ya ƙera ɗan injin da aka gama haɗawa, shi da G. Harry Stine suka kafa ƙungiyar nan, musamman don yaro ya daina dafa wuta da hannunsa. Su da ke da shagon sayen inji ke nan. Mu a nan ba mu da shi, kuma abin fashewa doka ce ke riƙe da shi. Yaron da aka kama da bututu cike da hoda a Bauchi, ba wanda zai tsaya tambayarsa makin da ya ci a kimiyya. Na ce masa alkawarin da na yi wa mai unguwa a gaban dattawa har da shi a ciki.

Na kuma gaya masa ruwa ba wasa ba ne: a 2015 wata tawaga ta Jami'ar Cape Town ta kai rokar ruwa mita 830. Mu muna 35. In kuma wutar yake so, ƙofarta a buɗe take ta hanyar karatu. Ga Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, ATBU, a garin nan da sashen injiniya. Hukumar sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, tun 1999 take, tana da cibiyar binciken injin roka a Epe ta jihar Legas. Tauraronmu na farko, NigeriaSat-1, a 2003 daga Plesetsk ta Rasha aka harba shi a kan rokar wasu. Ana buƙatar irinsa, da yatsunsa goma.

Ya kawo mini bututun washegari. Na ba shi aikin ƙera abin harbawa na biyu da na uku. Zan ci gaba da sa ido, kuma na yi magana da yayansa.

Asabar, 3 ga Janairu, 2026

Ba fita. Aikin ƙira a gida. Mahaifin ɗaya daga cikin 'yan matan ya ba mu 20,000, Allah ya saka. Kayan abin harbawa biyu, da tiyo, da mararrabar iska mai kan famfo uku: 21,000.

Asabar, 10 ga Janairu

Abin harbawa uku a jere, taku biyar tsakaninsu. Tsarin zagaye: a ɗora gora uku lokaci ɗaya, a rufe fili, a harba su ɗaya bayan ɗaya, sannan a ɗaga koren tuta a je ɗauko duka. Kafin nan ukun da ke biye sun sha ruwansu daga kofin da muka yi wa alama, suna jira a layi da katinsu. Kira ya zauna a bakin kowa: "Fili a rufe! Sama lafiya? Ƙasa lafiya? Biyar, huɗu, uku, biyu, ɗaya!" In gora ta karkato wajen mutane, "A ɗaga kai!"

Matsala biyu. A zagaye na huɗu gorar tsakiya ta ƙi tashi, geji na kan 60, an ja igiya zoben bai motsa ba. Mai ita, ƙaramin cikinmu, ya tsallaka igiya a guje zai taɓa ta. Usur ya tsayar da shi saura taku uku. Sai muka tsaya cirko-cirko, domin ba mu da hanyar sace iskar daga nesa. Bawul ɗin taya shigar da iska yake, ba ya mayarwa. Dole na kwance tiyon daga jikin famfo na danna ƙwayar bawul da tsinke, ina tsugune a nesa, har ta huce, muka ƙirga 60 sannan na je. Yashi ne ya shiga ƙarƙashin zoben. Ana cikin haka wani gwiwar bututun roba a mararrabar iska ya tsage da ƙara, guntunsa ya karce ƙafar mai famfo, ɗan jini kaɗan, muka wanke muka ɗaure. Laifina ne. Na san bututun roba na ruwa ne, in iska ta fasa shi tarwatsewa yake kamar tangaran, amma na bari saboda arha. Duk abin da ke kusa da mutum zai koma ƙarfe, a sa kan famfo na sace iska a gefen mai famfo.

Ta biyun, garke ya ɓullo daga kudu, ba na ardonmu ba, baƙi ne masu wucewa. Ɗaya daga masu kula da 'yan kallo ya hango ƙura ya yi kira. Mun jira minti ashirin da biyar har suka wuce. Saniyar da ta firgita a cikin taron yara ta fi kowace gora haɗari. Makiyayin ya tsaya daga nesa ya kalli tashi ɗaya kafin ya bi dabbobinsa.

Gora 18.

Asabar, 17 ga Janairu

Kayan ƙarfe da kan famfo 8,000. Gora 24, ba abin da ya faru. Laimar leda ta buɗe sau uku cikin bakwai.

Asabar, 24 ga Janairu

Sama garau, ƙyalle a kwance. Gora 31 daga bakwai da kwata zuwa tara da kwata. Ƙaramar cikin 'yan matan ce sarkin fili, kuma ta tsayar da ƙirga a kan "biyu" don wani ɗan yaye ya sulale ta ƙarƙashin igiya. Ni ban gan shi ba. Mafi tsayi digiri 48, kusan mita 57 har da tsayin mai awo, gorar yaron nan mai bututu: gora biyu ya haɗa, ya siranta fikafikai. Mai unguwa ya zo da kansa, muka shimfiɗa masa tabarma bayan igiya. Da wani babban mutum ya nemi matsawa gaba don ɗaukar hoto, shi ya ce masa, "Koma, yarinyar ba ta ɗaga tuta ba." Yarinya mai gyaɗa ma ta zo da farantinta, a bayan turaku ta zauna, ta sayar da komai.

Asabar, 31 ga Janairu

Gora 27. Ɗaya ta maƙale a ɗorawa, mun bar ta, ba hawa bishiya. Lamba 6 da 11 sun lotsa, an yanka su don yin fikafikai.

Alhamis, 5 ga Fabrairu

Lissafi. Abin da ya shigo: 20,000 namu, 20,000 gudummawa, 74,500 kuɗin mako, jimla 114,500. Kuɗin mako ya kamata ya fi haka, amma akwai yara uku da na san halin gidajensu, ba zan tambaye su ba. Abin da ya fita: kaya 78,600, goro da gyaɗa 5,000, Keke sau bakwai 28,000, jimla 111,600. Saura 2,900.

Fita ɗaya ta rage, ran 14, sai mu tsaya don azumi. A cikin azumin za a sake gwada duk gororin da ruwa, domin wasu sun tashi fiye da sau goma, a kuma gyara maganar laima, wadda har yanzu sa'a ce ke buɗe ta. Ina son akwatin taimakon farko na gaske a madadin ledar auduga da nake yawo da ita, da ƙaramar lasifika, don muryar mai ƙirga ba ta kai ƙarshen igiya in taro ya yi yawa. Kowane yaro zai sa jar hula aƙalla sau ɗaya kafin damina, saura shida ba su sa ba.

Baba ya ce da ruwan farko zai shiga gonarsa, ke nan muna da filin zuwa wajen watan Mayu. Ya ce in mun tashi mu cire turakunmu duka kada garma ta ci karo da rodi. Na ƙirga su na rubuta a bangon littafin nan: 26.